Ɗinkin Da Kawu Ya Warware

Ban taɓa ganin zaman makokin da Liman ya sha gyaran murya kamar na Kawu ba. Mutum zai shigo zaure da fuskar ta'aziyya, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa. Can sai ka ga ya fara laluben jikinsa yana neman abin da zai nuna mana.

Wani dattijon Bafulatani da ya taso tun daga rugarsu a bayan Bukkuyum shi ya buɗe fagen. Ya koma ƙofar zaure ya ɗauko takalminsa ƙafa ɗaya, ya ɗaga shi sama.

"Kun ga wanga? Ɗiyata ta hwari tana goye marigayi yay yi mani shi. Yanzu ɗiyarta ka tallan nono. Ƙahwata ta tsuhwa, shi ya ƙiya. Sau ukku ina barin shi kasuwa da gangan, sai an biyo ni da shi."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, Liman ya gyara murya. Sai wani masunci daga bakin gulbi ya zaro laya daga wuyansa, ya ce tun yana saurayi yake son ya ga abin da ubansa ya sa aka rubuta a ciki, aska biyu ya karya a kan ɗinkin, har yau bai gani ba. Daga cikin gida ma muna jiyo mata, su yi dariya, su dawo su yi kuka. Muryar Inna ta fi ta kowa fitowa a duka biyun.

Ni ban kawo nawa ba. Nawa labarin ba ya faɗuwa a tsakanin addu'a da addu'a, kuma na san idan na fara ba zan kai ƙarshe da idona a bushe ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi, don kada a wayi gari abin da ya rage na Kawu a Gummi ya zama takalma da layu kawai.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Baduku ne, rumfarsa na bakin kasuwa, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ya zame mana uba. Ɗan ƙaramin mutum ne, busasshe, kullum da zare a bakinsa, saboda haka rabin maganarsa sai wanda ya saba yake ganewa. Ba ya yabon kowa, ba ya son a yabe shi da wuri. Idan ka karɓi aiki ka ce an gode, sai ya ce, "Tahi ka shekara goma, ka dawo ka yi godiya." Kafin ya miƙa maka wasaki ko ɗamarar raƙumi, sai ya rataya ta a azarar rumfa ya kama ya yi lilo, ƙafafunsa na reto, yana kallonka kamar kai ka ce ba za ta riƙe ba.

Maganarsa guda ce da kowa ya haddace: "Ɗunkina ba shi da ƙohwa." Abin da ya rufe ya rufu ke nan. A kan wannan suka shekara ba sa ga maciji da telan da ke rumfar gefensa. Kawu ya ce keken ɗinki ba ɗinki take yi ba, lallashin ƙyalle take yi. Tela ya ce ai gara lallashi da ɗaurin rai da rai. Duk da haka ranar da rumfar tela ta faɗi da ruwan sama, Kawu ne ya kwashe masa kaya zuwa tasa rumfar, yana kwasa yana zagin zaren.

Ni ma na sha ɗinkinsa. Jakar makarantar da ya yi mini ina aji ɗaya, da ita na gama makarantar koyon aikin gona. Na so ta yage in sami ta zamani irin ta abokaina, na ja ta a ƙasa, na zauna a kanta, ta ƙi.

To, a shekarun da ba a daɗe da ba mu jiha ba, tsuntsayen jan-baki suka addabi shinkafar fadama. Suna sauka kamar hadari, su tashi su bar wa manomi kara. Wahalar ita ce gano inda suke kwana, domin makwancinsu na can cikin duhuwar da ƙafa ba ta shiga. Shirin noman da nake yi wa aiki ya kawo wata na'ura, aka tura ni na koyi tashi da ita, in riƙa hango makwancin daga sama. Mutanen gari suka sa mata suna babur ɗin sama. Inji ne mai farfela da ake goyawa a baya, haɗe da wata kujerar ɗamaru da mutum ke zama a ciki, sai babbar lema a bisa kai. Kawu na ganin kujerar ya ce akumari ce. Bai faɗi wane ne jakin ba, amma ni ya kalla.

A gefen dama na kujerar akwai wata 'yar jaka kamar gammo. A ciki ake naɗe lemar ko-ta-kwana, wadda ake jefawa idan babbar ta lalace a sama. Marufanta huɗu ne, wasu 'yan ƙarafa biyu siriri kamar tsinke ke riƙe da su, sai wani jan mariƙi a waje. Ka fizgi mariƙin, ƙarafan su zare, marufai su buɗe, ka yi wurgi da ƙunshin nesa da farfela. Igiyarta kuma tana bin gefen kujera zuwa kafaɗu biyu, an lulluɓe ta da ƙyallen nan mai mannewa, don ta ɓalle da kanta idan lema ta ja. Wanda ya koya mini, wani mutumin Kudu da muke kira Oga, ya biyo ni Gummi don ya ga tashina na farko.

Inna ta zagaya na'urar sau uku a tsakar gida, ta tsaya a kan jakar.

"Wanga hwa, mi na ciki?"

Na ce, "Inna, shi ne abin tsira. Ba a buɗe shi sai mutum ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta taɓa ƙarafan, ta ɗaga ƙyallen mai mannewa ya yi ƙara ya ɓalle a hannunta. Ban lura da yadda fuskarta ta canja ba. Laifina ne, na yarda. Na gaya wa matar da ta tashi a gidan dukawa cewa ga ƙunshin da ake ratayawa a jiki don tsari, ba a buɗe shi, sannan na bar ta da shi a riƙe da tsinke biyu.

Washegari muka tafi Anka ni da Oga wajen wani taro. Ƙurar motarmu ba ta kwanta ba Inna ta sa aka kai wa Kawu kujerar a amalanke.

Ranar tashi, filin bayan gari ya cika tun da hantsi. Manoma, masu kabu-kabu, masu tallan fura, har da waɗanda suka zo musamman don su ga faɗuwata. Kawu na gefe a kan buzunsa, ya sa rigar Juma'a alhali ran Talata ne. Aka sauke kujerar, aka yaye zanen da Inna ta lulluɓa mata.

Wallahi aikin ya yi kyau. Jar fata ce Kawu ya yi wa jakar riga da ita, ya bi gefe huɗu da jijiya, ɗinki biyu-biyu, ya yi mata zane da baƙi da kore. Jan mariƙin ya tura shi ciki ya ɗinke, kada ƙaya ta kama. Igiyar da ya ga tana ɓallewa da ɗan taɓi kuwa, ya bi ta taku-taku ya kafe ta a jikin kujera.

Oga ya tsaya kamar an dasa shi. Ya durƙusa ya nemi mariƙi bai gani ba. Ya sa yatsa ya ja fatar, ko motsi. Ya sa hannu biyu, ya taka kujerar da ƙafa, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ya kira wani ƙaton mai kabu-kabu suka ja tare. Duk wannan abin da ake yi, Kawu na zaune yana shafa gemu, yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya. A ganinsa gwaji ake yi, kuma yana ci.

"Ku ƙaro mutum biyu," in ji shi. "In ta buɗe, in bar dukanci."

Oga ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Ni kuwa jini ya hau mini. Ga jama'a, ga kunya, ga tsoron abin da zai faru da a ce zanen ya rufe mini ido na tashi a haka. Na juya na faɗi maganar da har yau idan na tuna sai na ji kamar in nutse.

"Kawu, ai likkahwani kaɗ ɗunka mani."

Filin ya yi tsit. Kawu ya miƙe, ya kaɗe buzunsa, ya naɗe, ya bi hanyar kasuwa. Ban taɓa ganin bayansa ya yi ƙanƙanta kamar ranar ba.

Oga ya so ya sa reza, da ya duba sai ya fasa. Ɗinkin ya ratsa marufan, kuma ba wanda ya san zurfin da basilla ta yi. Kuskure kaɗan reza ta yanke siraran igiyoyin lema. Wanda ya ɗinka shi kaɗai ya san inda zarensa ya bi. Shi kuma wanda ya ɗinka ya daina amsa gaisuwata. Kwana huɗu ina zuwa rumfa ina durƙusawa, yana magana da tela a kan kaina, telan da ya shekara bai kula ba. Jan-baki na can suna biki a fadama, manoma na zuwa gidanmu suna tambaya ko babur ɗin na ado ne.

Rana ta biyar Inna ta yafa mayafi ta tasa ni gaba. Ta tsaya a bakin rumfa ta ce, "Yaya, ni nis sa ka. In hushi za ka yi, yi da ni. Amma ɗan ga sai ya tashi, ko da abin ga ko babu, don aikinai na. Zaɓi wadda kaka so."

Kawu ya cire zare daga bakinsa, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Shekara arba'in ban taɓa warware ɗunkina ba. A gwada mani dalili. Ba da baki ba."

Oga na da tasa kujerar. Muka rataye ta a reshen tsamiyar bayan kasuwa, kamar yadda ake yi idan za a gwada ko jaka na buɗewa. Na zo zan shiga, Kawu ya ture ni. Shi zai zauna. Haka aka ɗaga dattijo da babbar riga aka ɗaure shi, ƙafafunsa na reto, hularsa ta karkace, rabin kasuwa ta baro ciniki ta zo kallo. Oga ya ce masa ya ɗauka yana sama, lema ta naɗe, ƙasa na tahowa, hannunsa na hagu na riƙe da totur, dama kaɗai gare shi, kuma numfashi uku ya rage masa. Ya sa aka riƙa juya kujerar ana girgiza ta.

Kawu ya lalubi mariƙi, ya fizga. Ƙunshin ya fito a hannunsa salin-alin, har ya kusa suɓuce masa. Ya yi wurgi da shi ya faɗa cikin kwandon mai tattasai. Igiyar ta bi gefen kujera tana ɓallewa har kafaɗa.

Aka yi shewa, shi bai yi dariya ba. Ya daɗe a rataye yana kallon marufan nan huɗu a buɗe.

"Ashe dangwali na," in ji shi a hankali. Yana nufin igiyar da Fulani ke ɗaure maruƙa, wadda ke riƙe ɗan maraƙi duk tsallensa, amma mai shi na ja sau ɗaya ta sake. "Ta riƙe sai an tambaye ta. In an tambaye ta, ta bayar. Ku sauke ni."

Tun daga hantsi har la'asar yana warwarewa. Ya kori kowa daga rumfa sai ni, kuma bai yarda na taɓa ba. Yana zare jijiya ɗaya-ɗaya yana ajiyewa a gefe kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Da ya gama muka baza lemar, ya sa aka ɗaga ta a rana, ya bi ta taki-taki yana neman hudar basilla. Babu ko ɗaya. Nan ya ɗan dawo da girmansa.

"Ba daidai niy yi ba," ya ce, "amma ban yi mummuna ba."

Jakar dai ta zama rariya, sai Oga ya ɗauko wata sabuwa ya ɗaura. Kawu ya tsuguna a gefensa, ya tura hannayensa biyu a hammata don kada su yi abin da suka saba. Komai sai ya tambaya. Don me a dama? Don totur na hagu, kada igiya ta haɗu da wayarsa. Don me mariƙi a waje, ja wur? Don ido ya same shi ko kai na juyawa. Don me igiya zuwa kafaɗu? Don mutum ya sauko a tsaye, ba a kife ba. Oga ya gama, ya miƙe yana kaɗe hannu. Kawu ya bi igiyar da yatsa tun daga jaka, ya tsaya a wani wuri.

"Nan ta bi ta ƙarƙashin ɗamarar ga. In lema taj ja, nan za ta maƙale."

Oga ya duba, ya sake dubawa, ya cire hularsa. Gaskiyar Kawu ce. Aka kwance aka bi da ita ta waje. Har muka isa gida Kawu na tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Bayan Oga ya koma garinsu, Kawu ya naɗa kansa mai duba akumari, ba wanda ya roƙe shi. Duk ranar da zan tashi yana filin kafin ni. Basillarsa a gida yake barinta da gangan, ya ce bai yarda da hannunsa ba. Zai duba ƙarafan biyu ko sun zauna, ya bi igiya har kafaɗa, ya girgiza maƙalan ƙarfe, ya sa in rufe ido in kai hannu kan mariƙi sau uku. Idan na yi gaggawa sai ya ce, "Tsuntsayen ba su da alkawali da kowa, sake." Duk bayan 'yan watanni sai ya tilasta mini in baza lemar ta sha iska a inuwa, in sake naɗewa, a koma tsamiya a gwada. Masu tattasai har sun san ranar, suna janye kwandunansu. Ya hana a ajiye kujerar a ƙasa saboda gara da danshi, ya kafa mata maratayi a ɗakinsa, ya mayar da nasa kayan ƙasa.

Na sha jin haushinsa. Mutumin da ko babur na ƙasa ya rantse ba zai hau ba, shi ke koya mini tashi sama. Na taɓa faɗa masa haka, ya ce, "Ni ban san sama ba. Igiya nis sani."

A damina ta uku, shinkafa ta fara nuna, na makara ban tashi da wuri ba, rana ta yi zafi iska ta fara wasa. Ina bisa fadama sai guguwa ta ɗebe ni. Rabin babbar lema ya naɗe, igiyoyi suka murɗe, na fara juyawa kamar dutsen niƙa. Gulbi ya koma sama, sama ta koma ƙasa. Ban yi tunanin komai ba, ko salati sai daga baya na tuna. Yatsana ya kashe inji, hannuna na dama ya tafi inda aka saba aika shi. Na fizga, na yi wurgi. Na ji igiya na ɓallewa a gefena, sai wani abu ya cafke ni ta kafaɗu ya tsayar da ni.

A cikin shinkafar wani bawan Allah na sauka, taɓo har gwiwa, idon sawuna ya karye. Manoma suka rugo, suka kwance ni, suka ja ni kan kunyar gona. Ana ta sannu, ana ta salati, mai gonar na lissafin shinkafar da na kwantar. Can sai ga ƙarar babur. Kawu ne a bayan ɗan kabu-kabu, ya ƙanƙame shi kamar zai haɗiye shi, ido a rufe.

Ya sauka ya shiga taɓo da rigarsa. Bai zo wurina ba. Wurin kujerar ya nufa, ya durƙusa, ya tura hannu cikin jakar da babu komai, ya taɓa marufan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo.

"Da hannu nawa?"

"Guda, Kawu."

"Ja nawa?"

"Guda."

Ya ce wa mutane su je su nemo amalanke, duk ya kore su har mai gonar. Da suka yi nisa sai ya zo ya zauna kusa da ni a cikin laka, ya ɗauki ƙafata ya ɗora a cinyarsa.

"Jar hwatar nan," ya ce, "kullum sai nig gan ta. Ban taɓa ɗunkin da yak kai ta kyau ba. Da shi za ni kashe ɗan ƙanwata, ina zaune bisa buzu ina jiran a yaba mani."

Sai ya fashe da kuka, irin kukan tsofaffi da ba shi da sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Na ce, "Kawu, ai kai kaw warware." Ya riƙe ƙafata da hannu biyu har muka hango amalanke. Nan ya ɗebi ruwan fadama ya wanke fuska, ya gyara hula, ya kalle ni da idon nan nasa na rumfa.

"In kag gaya ma Innarka na yi kuka, ni da kai har lahira."

Ban gaya mata ba. Shekara da shekaru tana cewa yayanta dutse ne, ɗanta ya faɗo daga sama shi kuwa jaka ya je dubawa, ina ji ina shiru. Yanzu ga shi na rubuta, kuma na san za ta sa a karanta mata. Ka yafe mini, Kawu, ba zan iya barinta ta ci gaba da zaton haka ba. Allah ya yalwata maka kabarinka, ya buɗe maka ƙofar rahama tun kafin ka ƙwanƙwasa.